Barmo da Fakarar Tsibiri

Wani mutum ne a bakin kogi, Barmo, wanda bakinsa ya fi tarkonsa kamu. Cewa yake yi duk fakarar da Allah ya halitta, in ya dunƙule hannu ya busa sau uku, da ƙafarta za ta zo ta shiga aljihunsa.

Ran nan Gwadabe mai jirgin fito ya ce ai kuwa akwai wata fakara a tsibirin tsakiyar kogi, ba ta jin kiran mutanen tudu. Barmo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya rantse a gaban jama'a, in bai kamo ta kafin la'asar ba, kada a ɗauko shi a jirgi, da iyo zai dawo. Mutumin da ko a kwatami bai taɓa iyo ba!

Aka tsallaka da shi. Ya sami ciyawa ya kwanta rub da ciki, ya shiga busa. Kurrr-kak! Kurrr-kak! Shiru.

Sai ga waɗansu tsuntsaye ɓul-ɓul, masu guntun fiffike da kaurin ƙafa, sun zagaye shi. Wannan ta tsattsagi hularsa, waccan ta hau bayansa ta zauna abinta. Barmo ya fusata, ya yi ta korarsu da takalmi, wai kajin mutane za su ɓata masa aiki. Ya kora, su dawo. Ya kora, su dawo. Haka ya yini, leɓe ya kumbura suntum.

Da la'asar ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya shaida wa wata tsohuwa mai shanya kifi, Iya Tabawa, cewa shi dai ya bincika, babu fakara ko ɗaya a tsibirin nan, sai kaji marasa tarbiyya.

Tsohuwa ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce su nan ba sa kiwon kaji. Tun kakannin kakanni ruwa ya yanke fakarar nan daga tudu, ba dila ba muzuru, sai ta bar tashi, ta yi ƙiba, ta bar tsoron mutum, har kukanta ya sauya.

"Su ne ka yini kana duka da takalmi, ɗan nan."

Barmo ya waiga. Ko ɗaya babu, duk sun shige ciyawa. Gwadabe kuwa har ya tura jirginsa, ya ɗaga murya daga cikin ruwa.

"Ka cire babbar rigar tukuna, Malam Barmo, tana da nauyi in ta jiƙe."