Babban Makulli Ya Ba Da Izini

Ba kowane ofishi ne Allah ke yi wa baiwa da mutum irin Babban Makulli ba. A takarda dai mataimakin jami'in kula da kayan aiki ne, wato shi ya san inda ake ajiye tawadar firinta. Amma a zuciyarsa, da kuma a bakinsa, shi ne katangar da ta tsare ma'aikatar daga ɓarayin intanet na duniya baki ɗaya. Abokan aikinsa ne suka raɗa masa sunan. Ya ji, ya auna, ya ga ya yi masa cif, bai kuma taɓa tambayar abin da ke sa su murmushi in sun kira shi da shi ba.

A yi wa mutum adalci, tsaro kam ya iya shi. Kamarar kwamfutarsa liƙe take da salatif, wani kan wani. In zai buga kalmar sirri sai ya lulluɓe hannuwansa da hankici, ya ɗaga kai yana kallon silin. Burauzarsa kuwa, wato manhajar da yake shiga intanet da ita, ya jibga mata ƙananan manhajoji har goshinta ya cika. Duk wadda ya gani da hoton garkuwa sai ya ɗora, ba ruwansa da wanda ya ƙera ta. Kwamfutar sai ta yi nishi kafin ta buɗe shafi guda, shi kuma ya ce nauyin sulke ne.

"Ni ba na barin sawu," haka yake gaya wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su a bakin firinta. "In na shiga intanet, ita kanta intanet ɗin ba ta san na shigo ba."

Abin alfaharinsa na biyu gashin kansa ne. Ya haura hamsin, amma kan nan baƙi ƙirin, har da sheƙi. Yakan ce gado ne daga wajen kakansa. Ma'ajin ofishin, wanda Babban Makulli ya girme wa nesa ba kusa ba amma furfura ta riga ta cinye shi, ya sha ba'a a hannunsa har ya gaji da ramawa.

Sai dai akwai abin da ke cin ran Babban Makulli, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk faɗin duniyar nan babu mai neman izininsa. A ofis, ya tashi shan ruwa ya dawo ya tarar an janye kujerarsa an kai wa baƙo. A gida, matarsa ta sauya labule, ta ba ƙanwarta aron dutsen guga, shi sai dai ya gani. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, domin mutum ne da aka halitta don a riƙa tsayawa a gabansa ana jiran ya gyaɗa kai.

Burauza ce kaɗai ta san darajarsa. Duk shafin da ya buɗe, sai wani ɗan akwati ya leƙo daga sama cikin ladabi, ya ce shafin nan yana neman izinin aiko masa da sanarwa, ko na sanin inda yake zaune. Nan fa Babban Makulli zai jingina da kujera, ya harɗe hannu, ya bar akwatin ya ɗan jira, yadda manya ke yi. Sannan ya miƙa yatsa ya danna, ya ce a fili, "Na yarda."

Sakatariya ta taɓa ce masa ita hana su take yi, saboda damunta suke. Ya dube ta cike da tausayi.

"Ƙaramin mutum ne ke hanawa, 'yar nan. Wanda ya zo da ladabi ba a mayar da shi hannu biyu."

Roƙo ɗaya ne bai taɓa amsawa ba, na sabunta burauzar. Saƙon cewa yake ta tsufa, kalmar da Babban Makulli ba ya son ji a kusa da shi ko da wasa.

Ana nan sai labari ya zo cewa ɓarayin intanet sun yi wa wata ma'aikata da ke maƙwabtaka da su ta'asa. Hankalin Darakta ya tashi. Ta ce za ta naɗa shugaban tsaron kwamfutoci, wanda za a ba ɗaki nasa shi kaɗai, da ƙofa, da suna a jikin ƙofar. Kuma daga ranar, ba wanda zai ɗora ko da ɗigo a kwamfutar ofis sai da izinin wannan shugaba. Da Babban Makulli ya ji kalmar ƙarshen nan sai da ya dafa tebur. Ya nemi a ba shi dama ya yi wa ma'aikata jawabi ranar Litinin, ta ce to.

Ya shirya ba da wasa ba. Ya samo wani shafi mai koya wa mutum zama gwanin tsaro cikin gaggawa, ya sauko da jawabi sukutum daga can. Shafin ya nemi izini, aka ba shi. Ya kashe kwamfutar, ya kulle ta a durowa tsawon ƙarshen mako don kada maƙiya su leƙa. Bai yi tunanin cewa masu aiko masa da gaisuwa suna nan suna taruwa a bakin ƙofa ba.

Ranar Litinin ɗakin taro ya cika. Aka jona kwamfutar da majigi, fuskarta ta fito a bango, faɗin ƙofar gareji. Babban Makulli ya juya wa bangon baya, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, 'yan'uwa ma'aikata. Sirri dukiya ne. Mai sakaci ne kawai ake sanin abin da yake yi a intanet. Ku dube ni. Shekara da shekaru muna tare, wa ya san wani abu a kaina?"

Daidai lokacin kwamfutar ta kama intanet. Saƙo ya zuro daga gefen bango, da harufa manya: rinin gashin da ka saba saye ya dawo, baƙi mai sheƙi, ba mai ganewa. Kafin ya ɓace wani ya hau kansa, yana tambaya ko ɗamarar matse tumbin da aka aiko masa ta yi daidai. Na uku ma ya fi su kirki, don har taswira ya kawo, ya nuna kantin rini mafi kusa da ofishin, da ɗigo ja a kan ɗakin taron da suke zaune.

Ma'aji ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Sakatariya ta cusa gefen mayafinta a baki. Babban Makulli ya ga fuskoki sun sauya, ya ɗauka jawabin ne ke ratsa su, sai ya ƙara ɗaga murya, ya shafa gashinsa, ya ce shi mutum ne da ko na'ura ba ta isa ta san cikinsa ba.

Darakta ba ta yi dariya ba. Bangon kawai ta nuna masa da biro.

Ya juya. Saƙon da ke tsaye a lokacin daga shafin koyon gwaninta ne, yana tambaya ko jawabin da ya sauko da shi ya burge shugabansa, yana kuma yi masa tayin kashi na biyu. Zufa ta karyo masa. Ya kai wa linzamin kwamfutar cafka yana rufe saƙonnin, yana rufe ɗaya biyu na fitowa, kowanne da izininsa a hannu. Ya buɗe baki zai ce aikin maƙiya ne, sai ya tuna yatsan da ya danna, ya mayar da bakin ya rufe. Yana tsaye yana ji a jikinsa ɗakin nan mai ƙofa yana tafiya, da sunan da ke jikin ƙofar. Zufar da ta gangaro masa ta gefen kunne kuwa ba fara ba ce.

Darakta mace ce mai kawaici. Ta miƙe, ta zagayo, ta ɗora yatsa a kan maɓallin majigin, ta dube shi.

"Malam, ka yarda in kashe?"

Muryarsa ta fito can ƙasa. "Na yarda, ranki ya daɗe."

Duk shekarun da ya yi a ofishin nan, ranar ce ta farko da ɗan adam ya nemi izininsa.