Gaisuwar da Ta Kashe Ƙwayoyin Zarra

Har gobe ba na jin zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarun da kuɗin mai ke kwasar mu zuwa karatu a London. Ina ɗalibin kimiyya a wata jami'a kusa da Aldwych, an ɗauke ni gwaji a ɗakin binciken wani farfesa. In aikina ya yi kyau, na zauna.

Aikinsa ya ba ni tsoron Allah. A ƙasan ginin akwai inji mai ƙera wasu ƙwayoyin zarra da ba sa daɗewa: duk minti biyu rabinsu ya mutu. Kafin su ƙare, sai a haska su da lesa, wani haske ja siriri kamar zare, allurar na'urar awo ta zabura a kan takarda, daga nan a gane girman cibiyarsu. Abin da ido bai taɓa gani ba, wanda ba ya kai ruwan shayi ya tafasa, ga mutum yana auna shi! Ran da na fara gani sai da na ce "Subhanallah" a fili.

Aikina ɗaya ne: in ɗauko su cikin tukunyar dalma, in hau bene da gudu zuwa ɗakin lesa.

Ranar, bayan makonni ana shiri, na ɗauko na taho. Ina shan kwana sai ga Alhaji Sule, aminin mahaifina, ya zo kwas, ya nemo ni da saƙon gida. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, na durƙusa.

"Sannu Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya? Ya sanyi? Ya karatu?"

Muka bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya (har da kakata, da ƙafarta mai ciwo). Ya dubi tukunyar ya ce, "Miya ce kake kai wa Turawan?"

Da na isa, farfesa na riƙe da agogo. Aka kunna lesa, allura ta kwanta shiru.

"Me ya tsare ka?"

"Gaisuwa na tsaya yi."

"Gaisuwa? Ta minti ashirin?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah Ya taimake ni farfesa ya ba ni dama ta biyu bayan mako uku. Da na sake ɗaukowa, wa zan gani a bakin bene? Alhaji Sule, ya zo sallama. Na wuce shi a guje ina cewa, "Baba, ina zuwa!"

Allura ta zabura, na samu gurbina. Wata guda bayan haka wasiƙar mahaifina ta iso: an ce masa Turai ta lalata ni, ba na gaisuwa.

Tun daga lokacin na gane cewa cikin halittun Allah akwai waɗanda ba sa jiran "ina gajiya". Sai dai har yau ban iya fahimtar da mutanen gidanmu haka ba.