Ruwan Bature Ya Yi Kore

Wani ne a Tambuwal, mutumin Kebbe. Ba ni faɗin sunanshi, don ɗiyanshi sun girma, kuma ni na haife su.

Gadi yake yi a gidan wani Baturen gona. A bayan gidan akwai ƙaton kwamin siminti mai zurfi, inda Bature yake faɗawa yana iyo da rana tsaka. Ruwan shuɗi ne shar. Sai daga baya muka ji wai fenti ne a jikin simintin. Wa zai gaya mana?

Da aka samu mulkin kai, Bature ya ɗaure kayansa ya tafi. Damina ta zo ta wuce. Gansakuka ta rufe ruwan, ya koma kamar miyar kuka. Kwaɗi suka tare da iyalansu. Ni kuwa wuni nake ina leƙen yara, kada wani ya zame ya faɗa.

Sai ga saƙo daga Malam Atiku, sabon akawun gona, wanda aka ba gidan. Ranar Juma'a zai iso da baƙi daga Sakkwato. Yana son ya tarar da ruwa yadda yake zamanin Bature. In ba haka ba, a nemi wani mai gadin.

Mutumin nawa ya shigo gida da sauri.

"Hauwa'u, ara mani rariyarki."

"Ta garin tuwo? Mi za ka yi da ita, Malam?"

"Aikin gwamnati na. Ba a tambaya."

Ya wuni yana tace ruwa, ya tara gansakuka tuli guda. Gari na wayewa ya je ya tarar ta dawo, har da 'yan uwanta. Rariya kuwa ba ta sake ganin gari ba.

Goggonsa ta ce, "Kai ɗan nan, wa ka wahala da hannu? Agwagi ka cin wanga abu."

Ya bi unguwa ya aro agwagi, ya kora su cikin kwami. Sun ci kam, ba a ce ba su ci ba. Amma abin da suka ci, nan suka mayar da shi. Kore ya ƙara duhu, ga wari.

Ya zauna bakin kwami ya yi tagumi. Na kai masa fura. Can sai ya zabura, har ƙwarya ta kife.

"Ke! Wane launi ruwan ga yake zamanin Bature?"

"Shuɗi."

"To ashe shuni na ya ƙare! Rina shi Bature yaka yi!"

Na riƙe haɓa na ce, "Wallahi Malam, da an sa ka boko da yanzu kai ne Razdan."

Ya garzaya marina wurin Sambo marini.

Sambo ya ce, "Riga nawa za a rina?"

"Ba riga ba. Ruwa nika son rinawa."

Sambo ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "To, Allah shi kyauta."

Jakuna suka yi ta safarar baban rini da toka. Mutumin ya samo doguwar gora yana motsawa safe da yamma, har kumfa ta taso shuɗiya, tana walƙiya. 'Yan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Wani dattijo ya ce ko a lokacin Bature bai yi kyau haka ba. Ni ma har guɗa na yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Malam Atiku da baƙinsa. Ya yi kwas a Zariya, yana son su san ya iya iyo. Ya tuɓe babbar riga, ya saura da farar singileti da gajeren wando. Ya shinshina.

"Mi ka wari haka?"

"Maganin Bature na, ranka shi daɗe."

Tsundum! Ya nutse. Ya taso yana tari, ya kama tsani ya fito. Daga kai har ƙafa kore fatau, don haka baba yake kafin ya sha iska.

"Kore! Gansakuka ta! Yau ka bar aiki!"

"Dakata, ranka shi daɗe. Bari iska ta buge ka."

Kowa ya zuba masa ido. Kunnuwansa suka fara sauya launi. Sai hanci, sai singileti. Kafin a ankara Malam Atiku ya koma shuɗi kamar rawani. Baƙi suka juya baya, kafaɗu na rawa.

Ya dubi hannuwansa, ya kwarma ihu.

"Dube ni! Haka za ni ofis gobe?"

Mutumin ya zagaya shi, ya ɗaga gefen singileti ya duba a rana, ya girgiza kai.

"Gaskiyarka, ranka shi daɗe, bai kama ba. Koma ciki, tsomi ɗaya bai isa."