Bakancen Dakta Haladu

Duk faɗin Madina, daga Ƙiblatain har Bani Harisa, babu Bahaushen da Allah ya buɗe wa ido kamar Dakta Haladu. Ba faɗar mutane ba ce kawai, shi ma da bakinsa ya sha tabbatar da haka. A wani kantin magani yake aiki, amma wannan hanyar cin abinci ce kurum. Ainihin aikinsa a duniya shi ne wayar da kan jama'a, tun shekarar da aka tura shi taro Amurka, ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da hula ruwan goro da wani ciwo da babu maganinsa ko a kantinsa: son wasan bezbol.

Wasa ne da wani ke jefa ƙwallo, wani ya maka mata gora, sai a zuba da gudu. Iyakar abin da muka gane ke nan, mu 'yan majalisar Bakri, kuma Allah ya sani an yi mana bayani har mun gode. Bakri Bahaushen Sudan ne mai sayar da ful, wato dafaffen wake, da shayi a unguwar Al-Azizya, kuma a ƙofar shagonsa ake zama bayan La'asar.

"Ƙwallon ƙafa wasan talakawa ne," in ji Dakta, yana gyara zaman hula a kan farar jallabiya. "Jaki ma in ka ajiye masa ƙwallo zai harba. Amma bezbol, ya jama'a, handasa ce, aikin injiniyoyi. Ni da na shiga filin da ƙafata, na ga abin da idona, ina gaya muku sai mai ƙwaƙwalwa."

Majalisa ta naɗa shi Sarkin Gora. Ya karɓi sarautar hannu biyu, ya roƙi dai a riƙa sa Dakta a gaba.

A farkon kakar wasannin nan ƙungiyarsa, da muke kira 'Yan Goro saboda launin hularsu, ba ta san komai ba sai shan kashi. Wata rana Bakri yana zuba shayi ya ce, "Ya Duktur, masu ƙwaƙwalwar nan naka kullum a ƙasa. Ko za ka dawo wasan jakai ne?"

Aka kwashe da dariya. Dakta ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku shaida! Na yi wa Allah bakance: ranar da aka tafi hutun tsakiyar kaka, in 'Yan Goro ne a kan gaba a rukuninsu, zan yanka rago in ciyar da majalisar nan kaf!"

Malam Khalilu, tela ɗan Chadi wanda shi ke mana fatawa in an rasa malami, ya ce ya shaida. Magana zarar bunu ce. Don kuma a san mai tabbacin nasara ba ya jiran ranarta, washegari Dakta ya sayo ragon Sawakin, irin na Sudan, dogo mai jan wuya, ya ɗora shi a bayan mota ya wuce ta gaban shagon a hankali, ya juyo ya sake wucewa.

Daga ranar nan Allah ya sa mana son bezbol. Malam Khalilu ya ɗinka wa kowa hula ruwan goro. Mutanen da ba su san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba suka fara tarar Dakta da "Mun ci?" tun bai gama sallama ba. In an ci, Bakri ya ƙara man zaitun a ful ba a roƙe shi ba. In an sha kashi, majalisa ta koma kamar gidan makoki, can wani ya ce wallahi a kori kocin nan, wani ya ce a haɗa da mai tsaron gida. Dakta ya ce babu mai tsaron gida a bezbol. Aka ce to ai shi ya sa ake cin mu. Shi kuwa ya riƙa gaya wa abokan aikinsa cewa cikin wata guda ya wayar da unguwa sukutum.

Ragon yana tsakar gidan hayar Dakta a Bani Harisa, da izinin mai gida na ɗan lokaci. Dakta ya raɗa masa suna Kyaftin. Da zafin Madina ya tsananta ya kafa masa rumfa, ya jawo masa na'urar sanyaya iska. Wata safiya yana ba shi barsim, ɗanyar ciyawar da ake saida wa masu dabbobi, sai ya tsinci kansa yana yi masa bayanin yadda ake fitar da mai gora bayan kuskure uku. Kyaftin ya tsaya yana kallonsa, yana tuƙa, har aka kai ƙarshe.

Ba a taɓa yi wa Dakta haka ba. 'Ya'yansa haihuwar nan ne, da ya fara sai su ce "Tayyib ya baba" su sulale. Matarsa Hajo takan tuna ta bar tukunya a wuta. Mu kuwa idonmu na kansa, hankalinmu na kan shinkafa da naman rago. Rago ne kaɗai a duk Madina ya saurare shi don Allah. Ba a jima ba Kyaftin ya gane ƙarar motarsa, yana jin ta sai ya kama kuka yana jan igiya. Dakta ya so dabbar nan so na gaskiya, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa. Sabo turken wawa.

Sai 'Yan Goro suka tashi daga barci. Suka ci yau, suka ci gobe, suka haura na huɗu, suka haura na uku. Kowace nasara wuƙa ce ke matsowa wuyan Kyaftin. Dakta ya fara ramewa. Yakan zo majalisa ya sanar da nasara da muryar mai kai ta'aziyya, mu kuma mu ce ka ga manya, ba sa rawar kai. Hular nan da ya hana a wanke shekara da shekaru don kada sa'a ta bi ruwa, da hannunsa ya miƙa wa Hajo ya ce ta sa mata sabulu sosai. 'Yan Goro suka sake ci.

Garin ya cika da alhazai, motocinsu sun toshe hanyar Ƙiblatain, amma Dakta bai ga ko ɗaya ba. Ya ja Malam Khalilu gefe.

"Malam, wani abokina ne ya yi bakancen rago. Ya halatta ya musanya da kaji? Kaji masu yawa, ya'ani, na kirki."

Malam Khalilu ya gyara hularsa ruwan goro. "Abokin nan naka ya ambaci rago da bakinsa? Ya zagaya da shi a mota mutane sun gani? To khalas, ya Duktur. Ka gaishe shi."

Aka zo wasan ƙarshe kafin hutu, 'Yan Goro sun yi kunnen doki da na ɗaya. Wanda ya ci shi ne a sama. Da yake can ana wasan ne muna barci, Bakri ya karɓe wayar Dakta tun jajibirin wasan ya kulle a shago, don a ji labari tare. Bayan La'asar majalisa ta cika har da waɗanda ba mu taɓa gani ba, kowa da hularsa. Bakri ya riga ya sayo albasa. Wani ya zo da wuƙa a naɗe cikin jarida, wai ko za a buƙata.

Dakta ya karɓi waya. Ya buɗe. Ya duba, ya sake dubawa.

"Alhamdu lillahi!" Ya daka tsalle har hularsa ta faɗi cikin kwanon ful. "Sun sha kashi! Wallahi an lallasa su! Allahu Akbar!"

Ya rungume Bakri, ya sumbaci goshinsa. Sai a lokacin ya lura babu mai motsi. Ya saki Bakri a hankali, ya yi gyaran murya.

"Wannan, ya jama'a, shi ake kira ruhin wasa. A ƙasashen da suka ci gaba, mai goyon baya na gaskiya yakan taya abokin hamayya..."

Malam Khalilu ya cire hularsa ya cusa a aljihu. Saura suka bi. Nan take aka tuɓe Sarkin Gora, kuma kafin Magariba sabon sunansa ya zagaye Al-Azizya: Abu Kharuf, wato uban rago.

Ko a jikinsa. Sarauta ta tafi, amma Kyaftin ya tsira, kuma rabon da Dakta ya ji daɗi irin na ranar tun yana yaro. Ya tsaya a hanya ya sayi dami guda na barsim mafi ɗanye, ya shiga gida yana murmushi. Ya tarar da Hajo a rumfa tana tattaɓa gadon bayan ragon, tana jinjina kai.

"Baban Ilham, na ji labari. Allah ya tsare mana abinmu," in ji ta. "Dama ina ta zullumin na layya, ga Sallah saura mako. Dubi yadda ka kiwata shi, ma sha Allah."

Dakta, wanda ya haddace ranakun wasannin Amurka har na watan gobe, bai san Zulhajji ya kama ba.

"A sayo wani," ya ce.

"A ajiye wannan a ina? Mai gida ya aiko, bayan Sallah kada ya ƙara jin kukan dabba. Na riga na yi magana da mahauci. Kuma na aika wa matar Bakri a gaya wa 'yan majalisa su zo, bayin Allah sun sa rai."

Kyaftin ya miƙa wuya ya zare barsim daga hannun Dakta, ya tsaya yana kallonsa yana tuƙa, yana jiran bayani.

Mu kuwa da saƙon Hajo ya iso, kowa ya zaro hularsa ruwan goro daga aljihu ya karkaɗe ta.