Huji Uku da Bandejin Aro

Jama'a, shekaranjiya na sha kunyar da ban taɓa sha ba tun da aure ya kawo ni Azare. Maƙwabciyata Meram ta shigo dubiya da kaza a hammata, ta ce, "Yaya, buɗe mu ga ɗinkin." Na ɗaga riga. Ta duba, ta ƙara matsowa, sannan ta gyara wa kazarta zama.

"Ina aikin?"

"Ga shi nan, huji uku."

"Wannan ai ko wanzami ya fi su ƙoƙari. To, Allah ya ƙara sauƙi."

Ta fice da kazarta. Ina ji ina gani.

Bari ku ji mafari. Ciwo ne ya turnuƙe ni a gefen mara na dama, likita ya ce afendis ne, wai wata 'yar hanji ce kamar ɗan yatsa ta kumbura, sai an cire. Ni kuwa na san tiyata. Da aka yi wa Meram, tsaga ta aka yi daga cibiya har ƙasa. Kwana arba'in tana kwance unguwa na jigilar farfesu. Har yau in gardama ta kaure a gidan suna, dafa wurin kawai take yi, kowa ya yi tsit. Saboda haka kafin a ɗauke ni na sa aka tara mini matan unguwa na nemi yafiya. Har na faɗa wa Jumai ni ce na baza cewa daddawarta da ƙasa. Na yi kuka, aka taya ni.

Ashe na faɗo a makon da wasu likitoci suka zo asibitinmu daga birni da na'urar da ke leƙa ciki ta ɗan huji, suna kallon hanjina a talabijin. Tamu na'urar, wadda aka yanka wa ƙyalle sau biyu har da makaɗa, tana kulle a sito. Mai makullin an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da abinsa. Allah ya saka wa manya, sun hana kaya tsufa.

Kwana biyu tak aka ce in tafi gida. Na ce, "Likita, ɗan nan, arba'in ɗin nawa fa?" Ya ce jibi ma ina iya shara. Ka ji mugunta.

Ina ɗaure ƙunshina sai ga jiniya. Ranka-ya-daɗe Mai Tausayin Talakawa ne ya zo duba marasa lafiya, mota goma sha ɗaya, a garin da ɗana Hammadu ya wuni a layin mai bai samu na babur ba. Mai hoto ya leƙa cikina ya taɓe baki. Wani mai babbar riga ya ce, "Baba, wannan ba ya nuna an yi aiki." Nan take aka kawo bandeji aka naɗe ni tun daga ƙirji har ƙugu, na koma kamar dammin dawa. Ranka-ya-daɗe ya dafa kaina, ya kalli mai hoto, ya ce, "Sannu Baba, ya ƙafar?"

Na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Ni wa, in gyara wa babba zance?

Suna juyawa aka warware ni. Na roƙa a bar mini. Aka ce a'a, akwai wani tsoho a ɗakin maza da ke jiran sa.

To da Meram ta fice da kazar nan, sai na zauna na yi nazari. Ni ban yi makaranta ba, amma ranar nan na ɗauki karatu. Jiya na buɗe akwati na ciro tsohon farin rawanin maigidana marigayi Malam, na naɗa daga ƙirji har ƙugu, na kwanta na fuskanci bango, na aika a ce wa Meram aikin ya tashi.

Ta shigo da gudu. Tana ganin fari ta saka salati.

"Wayyo Yaya! Ni dai na ce huji uku ba za su riƙe ba. Ki yafe ni!"

Na ce da 'yar murya, "Ba komai. Ki dai sa citta da yawa."

Yanzu haka ƙamshin yana shigo mini ta katanga. Jumai ce dai har yau ba ta amsa gaisuwata, wannan kuma ba rawanin da zai rufe shi. Masu zuwa suna zuga ni in zagi manya a kan aikin hoto, ku yi haƙuri, bakina a rufe yake. Ku dawo in kazar ta ƙare.