Kunun Ayar da Na Binne a Bayan Raga

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar da murfin jarkar nan ya yi ba. Wani ɗan huci ne siriri, kamar maciji ya ji motsi, lokacin da na zura hannu ƙarƙashin kujerar motarmu na ɗan murɗa shi. Isowarmu filin ƙwallo na Babura ke nan, 'yan wasa suna ta sauka da jakunkunansu. Na shafa cikin jarkar na ji ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwallon da aka cika wa iska. Da warin ya bugi hancina kuwa, nan take na mayar da murfin na ɗaure. Yau kwana tara ke nan, amma har yanzu in aka buɗe lemon kwalba kusa da ni sai na zabura.

Bari in koma baya kaɗan don ku san abin da ya kai ni. Ni ce mai riƙe akwatin agaji a ƙungiyar ƙwallon garinmu Kazaure, wadda ke buga ƙaramin rukuni na gasar ƙwararru (ƙwararru dai a takarda, motarmu ma sai an tura take tashi). Bayan na gama sakandare na yi kwas na agajin gaggawa na 'yan makonni. Yayana, Yaya Nura, shi ne golan ƙungiyar, shi ya sa Baba ya yarda in riƙa bin su, da sharaɗin ƙafata ƙafar Yaya. Aikina bai wuce bandeji da auduga da man zafi ba, amma 'yan wasa suna kirana Likita, ni kuma ina amsawa ba ko kunya.

Kakar bana mun fara ta da kuka. Wasa biyu na farko duk an lallasa mu, har masu shayi suka daina yi wa 'yan wasanmu sannu. Daga baya abin ya juya. Mun je Gwiwa cikin ruwan sama muka ci a taɓo, mun je Roni muka yi kunnen doki da mutum goma, a gida kuwa babu wanda ya sake ɗaga mana kai. Kafin mu farga, saura wasa ɗaya, da 'yan Babura a filinsu, kuma wanda ya ci shi ne zai hau rukuni na gaba.

A Ronin nan ne bakina ya ja mini. Bayan wasa 'yan wasa suka sayi kunun aya wajen wata mata a bakin fili, suna sha suna lumshe ido, suna cewa ba su taɓa shan irinsa ba. Ban san abin da ya tsikare ni ba, na taɓe baki na ce, "Wannan tsululun? Ku bari ku sha nawa tukuna."

Kyaftin ɗinmu, Isiya, ya ce, "Likita, ashe har da girki?"

Na ce, "Ranar da kuka sha nawa, ba za ku ƙara kallon na kowa ba."

(Gaskiyar magana, ban taɓa yin kunun aya ba. Na dai sha ganin Umma tana yi.)

Tun daga ranar ba su bar ni na huta ba. Kowane atisaye sai an ce, "Likita, ina alkawari?" Ni kuma in ce sai babbar rana. To ga babbar rana ta zo. Na jiƙa aya tun jajibere, na kai niƙa da sassafe, na zuba dabino da kwakwa da sukari ba tausayi, na cika jarka biyu. Abin da ban lissafa ba shi ne kwana biyu babu wuta, ƙanƙarar da na samo ba ta fi dunƙulen hannu ba. Umma ta ce, "Kunun aya ba ya son rana, ki kai wa maƙwabta su shanye." Na ce ai Babura nan kusa ce. Muna cikin tafiya tayar motarmu ta fashe, muka yi kusan awa biyu a gefen titi, jarkokina suna kwance daidai saitin injin.

Yanzu kun gane hucin nan.

Abin da mai hankali za ta yi a fili yake. Ta ce, "Jama'a, kunu ya lalace," a yi mata dariya, a wuce wurin. Amma ni na tuna taɓe bakin da na yi a Roni, na tuna Isiya da bakinsa wanda ba ya mantuwa. Sai na yanke shawarar in ɓatar da kunun in ce jarkokin sun tsiyaye a hanya.

Na jira har 'yan wasa suka shiga ɗumama jiki. Na sa jarka ɗaya cikin hijabina, na zagaya can ƙarshen fili, bayan ragar da ke kusa da wata bishiyar darbejiya, inda na ga babu kowa. Na duba dama, na duba hagu, na sake dubawa. Na ga in na sheƙa shi a fili farinsa zai nuna, ƙudaje su tona ni, sai na durƙusa na haƙa ɗan rami da tsinin dutse. Na tsiyaye kunun a hankali. Umma ta saba ce mana zubar da abinci zunubi ne, saboda haka ina zubawa ina ta istigfari, leɓena na motsi. Da na gama na mayar da ƙasa, na tattake da ƙafa, na sake duba dama da hagu, na tafi ina sauri.

Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, in ku ne kuke zaune a kan katanga kuka hango baƙuwa ta yi wannan a bayan ragarku ranar wasan ƙarshe, me za ku ce tana yi? Ashe katangar nan cike take da mutane, ganyen darbejiyar ne ya kare mini su.

Na yi niyyar komawa da jarka ta biyu, sai alƙalin wasa ya busa usur, dole na ɗauki akwatina na zauna a benci.

A zagayen farko mu ne muke kai hari wannan ragar. Ana dab da tafiya hutu Isiya ya buga wata ƙwallo mara ƙarfi, irin wadda ko ni zan kama, ta silale ta tsakanin ƙafafun golansu ta shige. Muka yi ta tsalle. A nan na fara lura wasu suna nuna bencinmu da yatsa, amma na ɗauka haushin ci ne. Da aka zo hutu 'yan wasa suka ce, "Likita, kunu." Na ce sai an tashi, kada ya yi musu nauyi a ciki.

Da aka dawo aka juya, Yaya Nura ya koma ragar da na haƙa rami a bayanta. Ban taɓa ganin ƙwallo ta ƙi raga irin ranar ba. Suka buga ta daki turke. Suka sake bugawa ta daki sandar sama ta dawo. Yaya ya yi ta shawagi kamar shaho, ya ture wannan, ya rungume waccan. Saura kaɗan a tashi aka ba su fenareti, fili ya yi tsit, ɗan wasansu ya zabga ta kusurwa, Yaya ya bi ta ya doke da hannu ɗaya. A cikin shirun nan na ji wata murya daga bayana ta ce, "Mai shuɗin hijabin nan ce. Ƙanwar golan ce."

Aka busa tashi. Mun ci ɗaya da nema, mun hau. Shekara da shekaru garinmu na jiran wannan, amma ko minti biyu ba mu yi muna murna ba, kocinmu, Malam Ado, ya ga yadda mutane ke dirowa daga katanga ya ce kowa mota. Yaya ya fizgi hannuna, takalmina ɗaya ya tsaya a can. Muna shiga aka rufe ƙofa da tagogi, jama'a suka kewaye mu. 'Yan sanda biyu ne kawai a filin, su ma sai ba da haƙuri suke. Ana dukan jikin motar da tafin hannu, ana jijjiga ta, ana cewa, "A fito da ita ta tone abin da ta binne."

Na duƙa tsakanin kujeru. Ban taɓa jin mutane da yawa haka suna neman mutum ɗaya ba, kuma wai ni ce.

Koci ya tsuguno kusa da ni ya ce, "Ke, dube ni. Me kika binne musu?"

Ku ji halin ɗan Adam. A wannan halin ma sai na ce, "Ba komai, Koci."

Isiya ya sunkuyo ya ce a hankali, "Likita, ko ma mene ne, Allah ya yi miki albarka. Ya yi aiki."

Yaya Nura ya juyo a fusace. "Wane aiki? Wato duk faɗuwar da na yi, gwiwata na jini, wani abu ne a rami ya kama ƙwallon?" Ya dube ni ido cikin ido. "In wajen wani kika je kika karɓo abu, ki faɗa mini yanzu, don ni zan fara yi miki hukunci kafin su."

Ban kai ga buɗe baki ba sai wata ƙara ta tashi a cikin motar, fam, kamar an harba bindiga. Kowa ya kwanta. Direba ya hau salati. Na waje ma suka ja da baya. Da muka ɗago, sai ga Koci a tsugune, farin ruwa mai kumfa na gangarowa daga hularsa zuwa gemunsa. Jarka ta biyu ce ta gaji da haƙuri, ta yi cilli da murfinta. Wari ya cika motar, ga tagogi a rufe.

Koci ya shafa gemu, ya sansana hannunsa, ya dube ni. Ya ce, "Wannan ne kunun da muke jira tun Roni?"

Na fashe da kuka na faɗi komai, tun daga ƙanƙara har rami.

Koci ya miƙe. Ya zuge taga ya ce a kira masa Baba Ila, shugaban magoya bayan Babura, wani dattijo mai sayar da hatsi da kowa ke jin maganarsa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Baba Ila ya leƙo ya ce, "'Yata, fito. Ina gabanki, babu mai ɗaga hannu."

Na fito da takalmi ɗaya, Yaya a dama, Koci a hagu riƙe da jarkar, gari guda na biye da mu har bayan raga. Na nuna wurin, aka tone. Babu laya, babu ƙaho, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa da kiyashi sun yi dandazo suna shagalin sukari. Wani daga baya ya ce ai kiyashin ma alama ce. Baba Ila ya ce a miƙo masa jarkar. Ya tsiyayi ragowar a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya ɗanɗana. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka. Ya juya ya tofar, ya nemi ruwa ya kurkure baki.

Ya ce, "'Yata, wa ya koya miki kunun aya?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Gani na yi ana yi."

"Da ƙarfi, na baya ba su ji ba."

Haka na ɗaga murya a gaban jama'ar Babura na ce ban iya kunun aya ba, cika baki na yi, ya lalace, kunya ta sa na binne shi.

Baba Ila ya juya ga mutanensa ya ɗaga jarkar sama. "Kun ji. Shekarata sittin ina ganin asiri iri-iri, wannan ba asiri ba ne, rashin iya girki ne. Wanda bai yarda ba, ga shi, ya zo ya kurɓa." Babu wanda ya matso. Ya nuna Yaya Nura da sandarsa. "Ga abin da ya hana ku ci nan a tsaye, gwiwarsa na jini. Ku je ku tambayi 'yan gabanku abin da turke ya yi musu da suke ta dukansa."

Wani ya fara dariya, wani ya kama, kafin ka ce me fili ya ɗauka. Waɗanda ɗazu ke jijjiga motarmu suka zo suna miƙa wa Yaya hannu. Wani ya kawo mini takalmina, yana riƙe da ciki don dariya. Yaya kuwa sai wani ɗaga kafaɗa yake, ya manta da hukuncin da zai yi mini.

Daidai nan aka fara kiran magariba. Baba Ila ya raka ni har ƙofar mota ya ce, "Shiga abinki, 'yata. Babu mai taɓa ki a garin nan, yau ko gobe. Amma in za ki sake zuwa, ki zo hannu rabbana."

Na zauna a kujerata da ta jiƙe. 'Yan wasa suka sauka suka tura motar, ta tashi, suka ɗane suna waƙar mun hau, Isiya na buga jarkar kamar kalangu, Koci na tsakiya yana ta warin tsami. A nan na yi wa kaina lissafi. Dariyar mutum ashirin na guje wa, na sha ta gari guda, da takalmi ɗaya. Daga ranar na ɗauki darasi: in abinka ya yi tsami, ka faɗa tun yana huci, kada ka jira ya yi cilli da murfi.