Ranar da Mama Rifkatu Ta Shinshina Ruwan Kifayena

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta shekarar 2006 ba, ranar da na tara mutanen unguwa a falona don in tona asirin wanda ke kashe mini kifaye.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kura. Na sayo akwatin gilashi daga Kano, da ɗan injin da ke hura kumfa a ruwa, da kifayen ado guda tara, jajaye da masu ruwan zinare. Duk unguwar babu mai irinsa. Mutane kan zo kallo, ni kuma in tsaya gefe ina bayani (ko ba a tambaye ni ba).

Sai suka fara mutuwa. Yau ɗaya, jibi ɗaya, kullum da safe in tarar da cikinsa sama. Na canza abinci, na wanke tsakuwa, na rage hasken taga. Da na biyar ya tafi, sai na yanke hukunci: ruwan kanal na ban-ruwan gonaki da nake ɗebo musu ne ya gurɓace, kuma feshin tumatirin Baba Sani ne ya jawo, tunda gonarsa ce ke sama da maɗebarmu. Ban bar abin a zuciya ba. Na faɗa a majalisa, na faɗa a aji. Cikin mako guda mata suka daina wanki a wurin, aka fara yi wa dattijon nan kallon banza a masallaci.

Mai unguwa ya ce a zauna a gidana a ga hujja. Baba Sani ya zo, ya taho da wata mata 'yar wajen Jos, Mama Rifkatu, wadda ta daɗe tana kiwon tarwaɗa a Kadawa. Na yi jawabi na kusan rabin sa'a, har da zane a takarda. (Allah Ya yafe mini, har sandar nuni na riƙe.)

Da na gama ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. In duba?"

Ta ɗauki kifin da ya mutu da safen, ta ɗaga gefen kansa inda yake numfashi, ta daɗe tana kallo. Ta sunkuya daidai da saman ruwan, ta karkata kai har hasken ƙofa ya faɗa a kai, ta kira mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ka ga wannan maiƙon?" Wallahi watanni ina kallon akwatin nan ban taɓa ganinsa ba, ga shi kuwa shimfiɗe, yana ƙyalli launi-launi. Ta tsoma yatsa ta shinshina. Ta shinshina ruwan jarkar da na ɗebo daga kanal. Sannan ta rabu da kifin gaba ɗaya ta shiga duban bango da silin da bayan kujera.

"Tarwaɗata ruwan kanal ɗin nan suke sha, a ƙasan gonar Baba ma, ko ɗaya bai mutu ba," in ji ta. "Abin da ya ba ni mamaki ɗakin nan ne. Muna tsakiyar gonakin shinkafa, amma babu yanar gizo, babu tsaka, ko tururuwa ban gani ba. Malam, me kake fesawa?"

Kafin in haɗa amsa, sai muryar matata daga bayan labule: "Fiya-fiya ce, Mama, maganin sauro. Kullum bayan magariba, ya rufe ƙofa da taga wai kada ƙarfinta ya fita."

Mama Rifkatu ta ɗora hannu a kan injin kumfar. "To wannan iskar ɗaki yake zuƙa ya tura musu cikin ruwa. In an kawo wuta, kai da kanka kake ɗura musu."

Na rasa inda zan ajiye idona. Amma ko a cikin kunyar nan, abin da ya fi cika mini rai mamakin matar ne. Ba ta zo da kwalba ko na'ura ba. Ido da hanci kawai, da lura da abin da babu a ɗaki, cikin minti goma ta warware abin da ya gagare ni wata biyu.

Na durƙusa gaban Baba Sani na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Amma a majalisar da ka faɗa, can za ka je ka gyara." Haka na yi, na kuma maimaita a azuzuwa huɗu ranar Litinin, ɗalibai suna danne dariya.

Mama Rifkatu ta sa na mayar da akwatin zaure, na riƙa canza ruwan kaɗan-kaɗan, na sayi gidan sauro. Kifaye ukun da suka rage sun yi shekara biyu a raye.

Tun daga ranar, in abu ya lalace a gidana, kafin in leƙa katangar maƙwabci sai na fara tambayar matata abin da na yi jiya.